Jakar da Na Dawo da Ita

Talata, farkon Agusta, bayan la'asar

Ina Birnin Kebbi. Na rubuta ne don in gani da idona, ko na yarda.

Dayo ya ɗauko ni daga tasha a kan mashin. Da ya gan ni sai ya leƙa bayana yana neman kaya, ya duba dama ya duba hagu.

"Junaidu, ina akwatunan?"

Na daki baƙar jakar da ke rataye a ƙirjina na ce, "Ga su nan."

Ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba, ya haɗiye abarsa. Abin da ya sa nake son Dayo ke nan, ya san inda ake taka birki. A gidansu na zauna duk shekarun da na yi a poli. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo kasuwanci, shi kuwa nan aka binne cibiyarsa, Kabancin da ke bakinsa ko kakata sai ta saurara.

Mahaifiyarsa, Mama Yetunde, ta buɗe mini tsohon ɗakina. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai kalli takalmina ba igiya, ta kalli wandona ba bel, ta ce a ɗora ruwan wanka.

Sharaɗi ɗaya na kafa musu, kada kowa a Argungu ya ji na sauka. Inna ba za ta gan ni haka ba. Shekara huɗu a ƙasar Turawa, in shiga gidanmu hannu rabbana, ba ko alawar yara? Allah ya kiyaye. Akwati biyu na bari a ɗakina na can, maƙil da tsaraba, kuma Hodi, ɗan Agadas ɗin da muke haya tare, zai aiko su ta jirgi. In sun iso in sa babbar riga, in ɗauki shatar mota, in shiga Argungu yadda na fita, kaina a sama. In gaisa da mutane, in raba kaya, in koma.

Zan koma. Wannan ma na rubuta shi ne don in gani.

Laraba, da hantsi

Hodi bai ɗauki waya ba. Wataƙila yana kan keke.

Alhamis, bayan azahar

Jakunkuna da kayan waya Dayo yake sayarwa a kasuwa, shi ya sa tun shekaranjiya idonsa yake kan tawa. Yau ya kasa haƙuri. Ya shafa ɗinkin, ya ja zip sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa gindin kamar mai taya kankana.

"Wagga ko an jehwa ta gulbi ba ta shan ruwa," in ji shi. "Amma mi ka aje ciki da ko tuwo kaka ci tana wuyanka?"

Na zazzage masa a kan katifa. Laima mai naɗewa ce ta fara faɗowa, ba ta fi goyon masara tsawo ba. Sai safar hannu ta fata, wadda na saya ranar da yatsuna suka ƙi riƙe birkin keke don sanyi. Fawa bank da igiyarsa, don mai kai wa mutane abinci in wayarsa ta mutu aikinsa ya mutu. 'Yar tocila saboda benayen da fitilarsu ke mutuwa kana tsakiyar hawa. Abin yanke farce. 'Yar darduma ta aljihu, ta sha shimfiɗa a ƙarƙashin gadoji da bayan shaguna. Gorar roba, ita ce butata, tunda mutanen can da duk iliminsu ba su gano buta ba. Carbin da Inna ta danƙa mini ranar tafiya. Katin shiga jirgin ƙasa. Makulli.

Ranar da na sauka can Hodi ya ce mini, "A garin nan, abin da ba ya jikinka ba naka ba ne." Na ɗauka zancen mutanen Agadas ne masu son ɗaurin kaya. Duk da haka na sayi jakar, na riƙa sa ta a ƙarƙashin rigar sanyi, da ita nake hawa keke, da ita nake salla a gefena. Ashe Hodi karatu yake ba ni.

Dayo ya ɗaga makullin yana kaɗawa. "To shi wanga, mi za ka yi da shi nan?"

"Buɗe ƙofa."

"Wace?"

"Tawa."

Ya ajiye shi a hankali. Na mayar da komai gurbinsa, kowanne da aljihunsa, ko ido a rufe na san inda suke.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ban je masallaci ba. Rabin direbobin Argungu a nan suke Juma'a.

Duk ranar Juma'a ƙanwata Laure take kirana ta bidiyo don Inna ta gan ni. Lambar can tana nan a kan wasaf ɗina, wannan dai ba su iya ƙwacewa ba. Na sami farin bango a ɗaki, na kashe fanka, na rufe taga, na zura rigar sanyin da na zo da ita har da hula. Can ɗin ma yanzu zafi ake yi, amma Inna ta riga ta yanke cewa Turai sanyi ce shekara zagaye, in ta gan ni ba rigar sanyi faɗa take.

"Junaidu, ka rame," in ji ta.

"Aiki na, Inna."

"Zuhwa kaka yi?"

"Na'urar ɗumama ɗaki ta."

Laure ta leƙo da ƙaton cikinta, ta dawo gida goyon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Ta ce kada in manta kayan jarirai da na ce na saya. Na ce suna cikin akwati. Ban yi ƙarya ba, suna cikin akwati.

Da aka kashe na tuɓe rigar, ana iya matse ta a cika kofi. Na ci wannan Juma'ar.

Lahadi, da yamma

Dayo ya matsa in fita in sha iska. A shataletale wani ɗan sanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwa ce kawai, kwastomansa ne. Ban san sanda na diro daga mashin ba, sai ganina na yi tsaye, hannuna cikin jaka ina lalubar takardar izinin zaman da babu. Ɗan sandan ya ce, "Malam, lahiya?" Na ce ƙafata ce ta yi tsami.

Ba zan rubuta abin da ya faru a matakalar tashar jirgin ƙasa ba. Ban yi sata ba, ban zagi uban kowa ba. Abincin wani bawan Allah ma yana bayana da zafinsa, har yau ina tunanin ko me ya ci ranar. Ba zan rubuta ɗakin da ba taga ba. Abin da zan rubuta shi ne, a bakin jirgin saman da suka koro ni a ciki sun miƙo mini jakata cikin leda an liƙa mata lamba, komai cif, ko abin yanke farce ba su taɓa ba. Mutane masu amana. Igiyar takalmi da bel ne kawai suka manta, kuma ba zan sayi wasu ba. Su za su biya ni in na koma.

Litinin, da safe

Hodi bai ɗauka ba. Saƙona ya shiga, an karanta.

Laraba, bayan azahar

Na raka Dayo shago. Ina zaune sai ga wani maƙwabcinmu na Argungu ya zo sayen caja. Ni Junaidu, da na san lungunan birnin da bai taɓa jin sunansa ba, na durƙusa bayan tulin jakunkunan 'yan makaranta ina riƙe numfashi, shi yana can yana taya cajar ɗari biyar kamar filin gado. Da ya tafi Dayo ya ce, "Hito, yaƙi ya ƙare."

Na ce masa ba ɓuya nake ba, lokaci nake jira.

"Komi nisan jihwa," in ji shi.

Na ce wani jifan a kan rufin kwano yake sauka. Ya ce ko can ya sauka, damina na gangaro da shi. Dayo ba a kayar da shi a magana, shi ya sa yake cinikin jaka.

Juma'a, bayan azahar

Na yi shiri kamar wancan makon, bango, riga, hula. Taga ce na manta.

Inna tana ba ni labarin ruwa ya fara hawa fadama, Kawu Dankure, ƙanenta, yana ta kamun kifin ƙurungu har ƙayar ta kumbura masa hannu. Sai wata Bafulatana ta tsaya daidai tagata ta buɗe murya iya ƙarfinta, "Hura da nono! A sai hura!"

Na ɓarke da tari. Na yi tari har na gaske ya zo. Inna ta matso da fuskarta kusa da waya, ido ɗaya ya cika gilashin. Ta daɗe tana kallona.

"Ka ci abinci?" Abin da ta ce ke nan.

"Na ci."

"To. Tuɓe rigar ga, ka sha iska."

Shekara huɗu ba ta taɓa cewa in tuɓe rigar sanyi ba. Amma tsofaffi ba sa ji sosai ta waya. Ba ta ji ba.

Asabar, da hantsi

Ba ta ji ba.

Litinin, bayan la'asar

Wani direba ya kawo ƙulli shagon Dayo, wai saƙo ne daga Hure ta Argungu, wato Inna, zuwa ga Mama Yetunde. Sun saba, tun ina poli Inna take aiko mata da kifi banda. Mama ta kwance a tsakar gida, kifi ne, da albasa. A ƙasa kuma sai ga gwangwanin madara cike da yaji, irin wanda Inna take daka mini da citta da ƙuli, ba ta sa kanumfari saboda ni kaɗai ne ba na so a gidanmu.

Mama ta shinshina, ta miƙo mini. "Shekara nawa muna tare da Hure, ba ta taɓa aiko min yaji ba. Ta san nawa ya hi nata zahi."

Na ce wataƙila ya yi mata yawa ne.

"Wataƙila," in ji Mama, ta ci gaba da jera kifinta.

Ruwa ba ya tsami banza, na sani. To in ma ta sani sai me? Sani daban, gani daban. Ba za ta ga ɗanta ya shigo da 'yar jaka a wuya kamar mai karɓar kuɗin wuta ba. Na ci yajin da shinkafa da wake, na yi kuka, na ce wa Dayo barkonon bana ne ba kirki.

Laraba, da safe

Hodi ya turo murya. Na saurara sau ɗaya, ya isa.

Bayan abin da ya same ni shi ma bai sake kwana a ɗakin ba, tsoro. Mai gidan ya canza makulli, ya fitar da kayanmu bakin titi inda ake ajiye shara. Kafin Hodi ya samu zuciyar zuwa, akwati ɗaya babu shi, ɗayan yana buɗe ruwa ya cika shi. Ya yi ta ba ni haƙuri.

Mayafin Inna mai ruwan toka yana ciki, wanda na yi wata uku ina wuce shagon kafin in shiga. Agogon Kawu. Turarukan gwaggonni, kowace na rubuta sunanta a jikin kwalin. 'Yan takalman jariri masu kunnen zomo. Yanzu wata tsohuwa tana can tana yawo da kare sanye da mayafin uwata.

Na zagi Hodi a raina har na gaji. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Allah ya tsare shi, shi ma jakarsa ce gidansa yanzu.

Makullin yana nan. Ban jefar ba kuma ba zan jefar ba.

Alhamis, bayan magariba

Mun yi faɗa da Dayo.

Ya shigo da ƙaton akwati sabo fil daga shagonsa, ya buɗe, ya cika shi da agoguna da turaruka da atamfa da ya karɓo wurin maƙwabtansa. Har ya zauna ya ɓamɓare takardun farashi.

"Ɗauki ka tahi gida. Wa za shi sani? Dut daga Chana suke, naka na can ma daga Chana suke."

Na ce Inna ta san atamfar kasuwar Birnin Kebbi tun ban san hagu da dama ba. Na ce ban yi shekara huɗu ina hawa bene da miyar wasu a baya don in dawo in yi aron tsaraba ba. Na faɗi wata maganar ma da bai kamata ba, a kan wanda bai taɓa wuce Kwantagora ba.

Dayo ya rufe akwatin. "Kai dai Bakabe na, ko kada ta kama ƙahwarka cewa kaka yi wanka kaka yi. Tsohuwa tana can tana dakan yaji, kai kana nan kana gadin makullin ƙohwar da anka canza."

Ya ja akwatinsa ya fita. Tayar ma ƙara take, kayan banza.

Juma'a, bayan azahar

Laure ta kira. Na bar ta tana ringi har ta gaji.

Asabar, da hantsi

Laure ta sauka da asuba, namiji. Wannan karon na ɗauka, ba bidiyo. Gidan ya cika da guɗa, da ƙyar nake jin Inna.

"Mijinta yac ce sunanka za a sa. Ka yi takwara."

Na ce Allah ya raya.

"Suna ran Assabar," in ji ta. "An ce hanya ta yi kyau yanzu."

Ban tambaye ta wace hanya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Sai kuma na tuna 'yan takalma masu kunnen zomo. Takwara guda, babban kawu daga Turai, ko hular jariri babu.

Talata, da yamma

Mama Yetunde ta same ni a ƙofar ɗaki ta jefo mini leda a cinya. Igiyar takalmi ce baƙa, da bel.

Na ce na gode amma na yi alkawari su za su biya ni.

"To kahin su biya, riƙe wandonka," in ji ta. Ta jawo kujera ta zauna. "Ka san ina da ɗaki Ogbomosho? Makullin na cikin adakata. Shekara talatin da wani abu ina cewa baɗi za ni koma. Uwata tar rasu ina nan ina haɗa abin da za ni kai mata, wai kada in tahi da kaɗan. Atamhwar na nan, ka zo in gwada maka. Asu ya ci rabi."

Ta tashi ta koma kan miyarta, ko amsata ba ta jira ba. Na zura igiyar, amma ta aro ce.

Juma'a, bayan la'asar

Gobe zan je. Ba don yaji ba, ba don atamfar Mama ba, don na ga dama ne. Na tanadi amsoshi. Wanda ya ce ina tsaraba, in ce tana can ya je ya ɗauko. Wanda ya ce yaushe na zo, in ce sanda ya gan ni. Gwaggo Hamida, yayar babanmu, wadda bakinta ya fi reza, ita na tanadar mata guda uku.

Dayo ya ce zai kai ni tasha. Mun shirya, shi ya fara yi mini magana, a rubuta wannan.

Lahadi, Argungu, da hantsi

Ta wajen Zauro shinkafa ta yi kore shar, ruwa ya kwanta a fadama har inda ido ya tsaya. Na yi ta maimaita amsoshina a mota. Ko ɗaya ban yi amfani da ita ba.

Na manta al'adar gidanmu. Baƙo ba ya shiga da kayansa a hannu. Ina yin sallama a zaure mata suka yo waje da guɗa, "Ga na Turai! Ga mai takwara!" Kafin in buɗe baki Gwaggo Hamida ta zare jakar ta kaina, ta ɗora ta a ka kamar wani buhu, ta yi ɗakin Inna da ita, sauran suna binta. Shekara huɗu ba wanda ya raba ni da jakar nan sai jami'an can masu safar roba. Na tsaya a tsakar gida ina shafa ƙirjina, na ji kamar tsirara nake.

Inna tana zaune a kan tabarma, jariri a cinyarta. Ta tsufa fiye da yadda waya take nunawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dafa kaina, hannunta ya daɗe a wurin. Ɗakin ya cika, har taga an leƙo, kowa idonsa a kan jakar. Gwaggo Hamida ta ce, "Hure, buɗe mu gani, ko sauran na mota?"

Na buɗe baki in saki ta farko. Inna ta riga ni, ta ja zip.

Safar hannu ta fara cirowa. Ta juya ta, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Ku kira Dankure. Nic ce mashi ƙurungu ya ɓata ma kawunai hannu, ku duba abin da yaz zo da shi." Kawu ya shigo ya zura, ya dunƙule ya buɗe, ya dunƙule ya buɗe, ya ce, "Kai! Kamar an auna." Ya fita yana nuna wa maza.

Ta ciro laima ta rasa kanta. Na danna mata maɓallin, ta baje fal a tsakiyar ɗaki, mata suka watse da ihu suna dariya. "Ta mai jego ta," in ji Inna, "damina ta, ga zuwa asibiti." Fawa bank na Faruk, mijin Laure. Darduma ta liman da ya raɗa suna. Tocila ta ungozoma, ta karɓa da hannu biyu tana sa mini albarka. Abin yanke farce na takwara, katin jirgi ma nasa, a ajiye masa ya hau in ya girma. Kowanne ta ɗaga sai ta faɗi dalilinsa, kamar tare muka zauna muka tsara. Ina ji wata tana cewa a bayana, "Tsarabar masu ilimi ke nan, kowa da abin da shika buƙata."

Gwaggo Hamida ta cafke gorar roba ta ce ta samu ta shan ruwa a gona. Na miƙe tsaye. Inna ta fizge ta ta cusa ƙarƙashin gado. "Aje, Hamida. Buta ko ta sake riga na san ta." Aka sake fashewa. Ta ba ta man leɓen da ni kaina na manta yana ciki.

Ta ciro carbi ta dube shi. "Wanga nawa na. Ya dawo."

Gwaggo Hamida ta leƙa cikin jakar, ta girgiza ta. "Shi ke nan? Shekara huɗu? Ina sauran?"

Kowa ya juyo yana kallona. Amsoshina uku suna bakina, na rasa ta ɗauka.

"Ga shi nan durƙushe gabanki," in ji Inna. "Da ƙahwahunai biyu. Ku ba shi ruwa."

Sai da aka watse cin tuwon suna muka rage mu biyu da jariri. Ta sa hannu a ƙaramin aljihun ciki, wanda ta tsallake da gangan, ta ciro makullin.

"Wanga hwa?"

"Na ɗakina na can ne, Inna." Na gyara zama. "Komawa za ni yi."

"Na ji." Ba ta yi gardama ba. Ta jawo bakin zaninta ta kwance ƙullin da take ɗaure makullai. Akwai wani tsoho a ciki, ya yi baƙi don gumi, na gane shi tun kafin ta zare, na ɗakina ne na zaure. Ta jefa shi cikin jakar, ta ja zip, ta rataya mini a wuya da hannunta. Na can kuwa ta sa shi a gurbinsa, ta ƙulle da haƙori.

"Ran da za ka koma, ka zo ka amsa wurina. In gan ka, ka gan ni, ba bisa waya ba." Ta gyara wa jariri zani. "Kuma in ka koma ka gaishe min da mai hurar garinku. Muryarta na da daɗi."

Na kwana a ɗakina. An share shi, an sa sabuwar tabarma, gidan sauro ma a ɗaure yake, kuma ba jiya aka ɗaura shi ba.

Zan koma, ban janye ba. Sai dai makullin yana bakin zanin Inna, ita kuwa tun safe take zirga-zirga da shi a tsakar gida yana kaɗawa. Jakar ba nauyi yanzu. Kawu ya aiko in zo bakin gulbi in ga yadda safar take aiki.